Raɗa Wa Ƙashi Suna

A ƙasar Hausa ba a raɗa suna a ɓoye. Ran bakwai da haihuwa ake tara jama'a da sassafe, a raba goro, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan, sa'an nan a yanka rago. Dalilin tara mutanen shi ne su zama shaidu: ga gidan da aka yi haihuwa, ga uba, ga sunan da aka ba yaro. Ko bayan shekara 50 gardama ta taso, ba za a rasa wanda zai ce, "A gabana aka yi" ba. Ke nan suna shaida ne tun kafin ya zama abin kira.

To, akwai wasu mutane a duniya da aikinsu ke nan, raɗa suna, sai dai abin da suke raɗa wa sunan ba a haife shi a gabansu ba, ba kuma a gaban kakannin kowa ba. Su ne masana ƙasusuwan dauri, masu tono ragowar dabbobin da suka ƙare tun kafin a yi ɗan Adam, musamman waɗanda ake kira dainoso. Mai karatu ya sha ganin hotunansu a littattafan yara ko a majigi: ƙaton abu mai tafiya da ƙafa biyu, ga doguwar wutsiya, ga baki cike da haƙora kamar an jera wuƙaƙe, a ƙarƙashin hoton kuma ga suna na Latin mai wuyar faɗa. Hoton yakan zo cikakke, har da launin fata, shi ya sa ba mu cika tsayawa mu rarrabe abin da aka gani da ido da abin da aka cike da zato ba. Tambayar da ta dame mu a nan ita ce, wane nauyi mutum ya ɗora wa kansa in ya dubi 'yan gutsattsarin ƙashi ya ce wannan dabba ce dabam, ga kuma sunanta? Ya halatta mutum ya yi shaida a kan abin da bai ga ko rubu'insa ba?

Kafin a yi musu hukunci ya kamata a san halin da suke ciki. Ba kowace dabba ce da ta mutu takan bar ƙashi ba. Akasari masu cin mushe da rana da ruwan sama sukan gama da gawa cikin ɗan lokaci. Sai wadda ta faɗi a bakin kogi ko fadama, laka ko yashi ya rufe ta da wuri, sa'an nan ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya yi ta ratsa ƙashin shekara da shekaru har ya mai da shi dutse. Bayan haka sai iska da ruwa su zaizaye ƙasar da ke bisa, ƙashin ya leƙo, a kuma dace wani ya bi ta wurin kafin shi ma ya zaizaye. Masu farauta daga cikinsu sun fi wuyar samu, domin a kowane daji zaki bai kai barewa yawa ba. Saboda haka abin da masani yakan samu shi ne haƙori, ko ɓarin muƙamuƙi, ko 'yan gaɓoɓin ƙashin baya. Cikakken ƙwarangwal kuwa sai an yi babbar sa'a.

Domin kada kowa ya yi abin da ya ga dama, masanan sun kafa wa kansu ƙa'idoji, biyu daga ciki su ne suka shafe mu. Ta farko, kowane suna sai an ɗaure shi ga wani takamaiman ƙashi da aka ajiye a gidan adana kayan tarihi, inda duk mai shakka zai iya zuwa ya duba. Wannan shi za mu kira ƙashin shaida. Ta biyu, in aka gano cewa an raɗa wa dabba ɗaya suna biyu, wanda aka fara bugawa shi ne nata, ko da na bayan ya fi dacewa, ko da mai shi ya fi shan wahala.

Dainoso na farko da aka raɗa wa suna mafarauci ne. A shekarar 1824 William Buckland, malami a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ya bayyana wasu ƙasusuwa da masu haƙar dutse suka tono a wani ƙauye kusa da garin, cikinsu har da ɓarin muƙamuƙi mai haƙora, ya kira dabbar Megalosaurus, wato babban ƙadangare. Ita kanta kalmar dainoso sai a 1842 Richard Owen ya ƙirƙiro ta. Da aka zo gina siffar dabbar da siminti a Landan a 1854, sai aka ɗora ta a kan ƙafa huɗu kamar damo, alhali da ƙafa biyu take tafiya. Wannan ƙaramin kuskure ne in aka gwada shi da abin da ya biyo baya. Sunan ya zama jakar magori. Kusan shekara ɗari, duk wanda ya tsinci haƙorin mafarauci a Turai ko Indiya ko Afirka, ya rasa inda zai sa shi, sai ya jefa shi cikin Megalosaurus. Masanan da suka zo daga baya sun sha wahalar zazzage jakar suna mai da kowa gidansu.

Mu masu nazarin adabi ba mu da bakin yi musu dariya. Sau nawa akan sami waƙar ajami wadda gara ta cinye shafinta na farko da na ƙarshe, inda mawallafi yakan faɗi sunansa da shekarar da ya yi ta, sai a dubi salonta a ce ai ta wane ce, a jingina ta ga wani shahararren malamin ƙarni na 19? Ɗalibi ya rubuta haka a kundinsa, na bayansa ya kwafa, kafin a ankara zato ya zama sani. Mu ma muna da jakunkunanmu na magori, ba mu dai fara zazzage su da gaske ba.

Labarin da ya fi fito da wannan al'amari fili a Masar ya faru. Akwai wani dausayi da ake kira Bahariyya a hamadar da ke kudu maso yammacin Alƙahira. A farkon 1911 wani masani Bajamushe, Ernst Stromer, ya isa wurin a kan raƙumi, ya tarar da duwatsu masu shekara wajen miliyan 95 cike da ƙasusuwa. Bai daɗe ba ya koma Munik, ya bar aikin tono a hannun Richard Markgraf, wani Bature matalauci mai fama da rashin lafiya, wanda ya zauna a Fayum yana neman abinci ta hanyar tono wa gidajen tarihi na Turai ƙasusuwa. A 1912 Markgraf ya tono wani abu da ba a taɓa ganin irinsa ba: dogon muƙamuƙi kamar na kada, da gaɓoɓin baya masu tsinkaye a tsaye, mafi tsawonsu ya kai mita 1.65. Stromer ya bayyana shi a 1915, ya kira shi Spinosaurus aegyptiacus, ƙadangare mai ƙaya na Masar.

A 1914 Markgraf ya sake tono wani mafaraucin dabam, da ɓangarorin ƙoƙon kai da ƙashin baya da na ƙafafu. Yaƙin Duniya na Farko ya tare akwatunan a Masar. Markgraf ya mutu a 1916 cikin talauci, kayan kuwa ba su isa Munik ba sai 1922, wasu a farfashe. Ana cikin gyaransu sai wasu masana biyu Faransawa, Depéret da Savornin, suka bayyana haƙora biyu da aka samo a hamadar Aljeriya a 1925, suka jefa su cikin jakar nan da muka ambata, suka kira su Megalosaurus saharicus. Da Stromer ya gwada haƙoran dabbarsa da waɗannan, sai ya ga sun yi kama, ya yanke cewa dabba ɗaya ce. A 1931 ya fitar da ita daga jakar ya ba ta sabon sunan dangi, Carcharodontosaurus, saboda haƙoranta sun yi kama da na wani babban kifin teku mai cin nama, amma ya bar mata rabin sunan Faransawan kamar yadda ƙa'ida ta ce. Wato ya rataya ƙwarangwal ɗin Masar ga haƙora biyu da aka tsinta a nisan da ya wuce kilomita 2,500.

Sai Yaƙi na Biyu ya zo. Stromer bai shiga jam'iyyar Hitila ba, bai kuma yanke hulɗa da abokansa Yahudawa ba. Ya yi ta roƙon shugaban gidan tarihin, wanda ɗan jam'iyyar ne, a kwashe ƙasusuwan a kai su maɓoya, aka ƙi. A daren 24 ga Afrilu, 1944, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Munik ruwan bama-bamai, ginin ya ƙone, abin da ƙasa ta adana shekara miliyan 95 ya zama toka kafin gari ya waye. 'Ya'yansa maza uku duk an kai su fagen fama, biyu suka mutu, na ukun sai a 1950 ya dawo daga hannun Rashawa. Stromer ya mutu a 1952.

Da ƙashin shaida ya ƙone, sunayen suka zama marayu. Abin da ya rage shi ne rubutun Stromer, da awon da ya yi wa kowane ƙashi, da zane-zanensa. A 1995 Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya tono wani ƙoƙon kai mai tsawon kusan mita 1.6 a Maroko, mai irin haƙoran nan na Aljeriya, a 2007 kuma aka tsai da shi a matsayin sabon ƙashin shaida na Carcharodontosaurus saharicus, kamar dai a ce an ba maraya mariƙi. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma a Janairun 2025 wasu masana uku a Munik, Kellermann da Cuesta da Rauhut, suka buga binciken da suka yi a kan tsofaffin hotunan ƙwarangwal ɗin Stromer da aka gano a ma'ajiyar takardu ta Jami'ar Tubingen, waɗanda aka ɗauka kafin gobarar. Suka haɗa hotunan da rubutunsa, suka gwada da ƙoƙon kan Maroko, sai ga bambanci: dabbar Masar tana da ɗan ƙaho a kan hanci, haƙoranta ma ba su zama ɗaya da na waccan ba. Ashe dabba biyu ce. Suka raɗa wa ta Masar sabon suna, Tameryraptor markgrafi. Kuskuren Stromer ya yi shekara 94 yana yawo a littattafai.

A nan mai tsantseni zai ce, "Kun gani ko? Da ya yi shiru da ya fi. Wanda bai ga abu duka ba, ya kame bakinsa." Maganar tana da ƙarfi, kuma ta dace da tarbiyyarmu, domin tun muna yara ake tsoratar da mu da shaidar zur. Spinosaurus ma ya ƙara wa mai wannan magana hujja. Da can a tsaye ake zana shi da dogayen ƙafafu. A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka bayyana wani sabon ƙwarangwal daga Maroko mai gajerun ƙafafun baya, suka ce rabin rayuwarsa a ruwa yake yi. A 2020 suka samo wutsiyarsa mai faɗi kamar filafilin tuƙa kwalekwale. A 2022 wasu masanan, har da Sereno, suka ce a'a, a bakin ruwa yake tsayawa yana kamun kifi kamar zalɓe. Yaron da ya haddace hoton bara, bana sai a ce masa ya manta.

Duk da haka ba mu yarda shiru ne maganin ba. Mai jiran cikakken ƙwarangwal kafin ya yi magana zai mutu bai ce komai ba, ƙasusuwan kuma su zauna a akwati babu wanda ya san da su, har ranar da gobara ko gara za ta same su. Da Stromer ya yi irin wannan tsantsenin, da daren 1944 ya tafi da komai. Abin lura shi ne da me aka kama kuskurensa: da nasa rubutun aka kama shi. Ya auna abin da ke gabansa, ya zana shi yadda yake, da karayarsa da giɓinsa, sa'an nan ya faɗi ra'ayinsa a gefe, bai cakuɗa su ba. Shi ya sa mutanen da ba a haifa ba lokacin da ya mutu suka iya ɗaukar awon su ajiye ra'ayin. Mai shaidar zur yakan toshe hanyar da za a bi a binciki maganarsa, shi kuwa Stromer a buɗe ya bar ta. A ganinmu wannan ne ya raba kuskure da ƙarya, kuma shi ne abu na farko da ake bin mai raɗa suna: ya nuna wa na bayansa inda ƙashi ya ƙare da inda zato ya fara. Wasu gidajen tarihi sukan bar cikon da aka yi wa ƙwarangwal da wani launi dabam domin mai kallo ya gane. Da ma masu gyara tsofaffin waƙoƙinmu za su riƙa yin haka ga baitocin da suka cike da ka.

Ita kuwa ƙa'idar wanda ya riga, a maƙwabtanmu ta nuna halinta. A Jamhuriyar Nijar, kudu maso gabas da Agadas, a bakin Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, ɗaya daga cikin manyan maƙabartun dainoso na Afirka. A 1973 Philippe Taquet, masani Bafaranshe, ya samo 'yan ɓarin muƙamuƙi a wurin, shi da Dale Russell suka raɗa musu suna Cristatusaurus a 1998. A 1997 kuwa ayarin Sereno ya tono mafi yawan ƙwarangwal ɗin wani mafarauci mai tsawon mita 11, mai bakin kada da ƙatuwar ƙumba a babban yatsa, aka buga sunansa Suchomimus tenerensis a ƙarshen 1998, jim kaɗan bayan na Taquet. In dabba ɗaya ce, ƙa'ida ta ba ɓarin muƙamuƙi gaskiya a kan ƙwarangwal. Masana da yawa sun kauce wa wannan ta hanyar cewa ɓarin bai isa a gane ko wace dabba ce ba, saboda haka sunan farko suna ne mai shakka. Ba mu ce wani ya yi wa wani shigar sauri ba, domin mutumin da ya riƙe ƙashi shekara 25 ba a ce masa mai gaggawa. Amma duk inda aka ce na farko ne ke ɗauka, an buɗe wa son zuciya ƙofa, mai raɗa suna kuma sai ya tambayi kansa ko dabbar yake wa hidima ko kuwa sunansa da za a rubuta bayan nata.

Wannan ya kawo mu ga abu na biyu da ake bin sa, wanda malamanmu na zaure suka sani tun tuni. A wurinsu ba a karɓar magana sai da isnadi: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa? Ƙashi ma yana da nasa. Wani ne ya fara ganinsa, wani ya nuna hanya, wani ya yi tono cikin rana, wani ya ɗora shi a kan raƙumi. Markgraf ya jira shekara 109 bayan mutuwarsa kafin sunansa ya hau dainoson da ya tono, shi ma ɗin Bature ne. Misirawan da suka yi aikin tare da shi fa? Abzinawan da suka san inda ƙasusuwa suke kwance tun kafin motar masana ta iso fa? An dai tuna da tatsuniyarsu a 1999, lokacin da aka raɗa wa wata ƙatuwar dabba mai cin ganye suna Jobaria, daga Jobar, wani dodo na labaransu.

Kada a ɗauka wannan maganar ladabi ce kawai. Ƙwarangwal ɗin Spinosaurus na 2014 ba masani ne ya fara tono shi ba, wani mai haƙar ƙasusuwa ne na yankin Erfud a Maroko, wanda ya sayar da su har suka isa wani gidan tarihi a Milan ta Italiya. Muddin ba a san ramin da suka fito ba, babu mai iya cewa na dabba ɗaya ne ko an harhaɗa su ne, ko kuma daga wane jerin dutse suke. Ibrahim ya taɓa ganin mutumin sau ɗaya a 2008, abin da ya riƙe game da shi kawai gashin bakinsa. Sai a 2013 ya sake cin karo da shi, mutumin ya kai shi wurin. Da masu suka suka ce ƙafafun sun yi gajarta, wataƙila na wata dabba ce, a ramin nan aka koma aka yi ta tono ana samun ragowar da suka dace da na farko, har aka kai ga wutsiyar. Ke nan duk gardamar da manyan jami'o'i suke yi a kan wannan dabba tana tsaye ne a kan ƙwaƙwalwar mutumin da duniya ta sani da mai gashin baki. Mai yiwuwa ɓoye sunan ya fi masa alheri, domin sana'ar tasa tana da nata haɗurra. Amma mu da muke rubuta "an samo a hannun wani malami" a ƙarƙashin waƙar da dattijo ya adana shekara 40 a cikin gafakarsa, ba mu da irin wannan uzurin.

Sunan Tameryraptor kansa bai kuɓuta daga tambayarmu ta farko ba, domin ƙashin shaidarsa toka ne, a kan hoto da zane aka raɗa shi. Rabinsa na farko daga wani tsohon sunan Masar aka ɗauko shi, mai ma'anar ƙasa abar ƙauna. Ko zai tsaya ko zai faɗi, sai ranar da Bahariyya ta sake ba da wani ƙoƙon kai.

Masu neman wannan ƙoƙon kan a 'yan shekarun nan har da Misirawa da kansu. Jami'ar Mansura ta kafa cibiyar nazarin ƙasusuwan dauri a ƙarƙashin Hesham Sallam, ɗalibanta kuma sun shiga dausayin da Markgraf ya yi tono. A 2016 suka samo gaɓa ɗaya ta ƙashin wuya, a 2022 Belal Salem da abokan aikinsa suka bayyana ta. Gaɓar ta isa ta nuna cewa dabbar daga wani dangin mafarauta take, masu gajeren baki da 'yan ƙananan hannuwa, dangin da ba a taɓa tabbatar da shi a Bahariyya ba, kuma tsawonta zai kai mita 6. Suka faɗi dangin, suka ba da awon gaɓar da hotunanta, ba su raɗa wa dabbar suna ba. An ajiye ƙashin a Mansura da lambar da aka rubuta masa.